Rumbun hotunan Rijksmuseum na intanet da zanen yaƙin teku: tuta ta fito, hayaƙi sai an yi da gaske

Rijksmuseum, babban gidan tarihin ƙasar Holan da ke Amsterdam, ya buɗe rumbun hotunansa ga kowa a intanet a shekarar 2012 da sunan Rijksstudio, da hotuna 125,000 a tashin farko, kuma yanzu sun ninka haka sau da dama. Kyauta ake saukewa. Duk aikin da ya tsufa har haƙƙin mallaka ya sauka daga kansa, mutum na iya buga shi ya rataye a ɗaki, ko ya koyar da ɗalibai da shi, ko ya sa a bangon littafi, ba tare da ya biya ko sisi ba. Sharhin nan bai shafi dukkan rumbun ba. Ɓangaren zanen yaƙin jiragen ruwa kawai muka duba, wanda mutanen Holan suka yi fice a kansa a ƙarni na 17, kuma ma'auninmu abu biyu ne: tuta da hayaƙi. Tuta ce ke gaya maka jirgin wane ne, wane ne babba a cikinsa, ya miƙa wuya ko yana nan daram. Hayaƙi kuma shi ke nuna inda iska ta dosa, da wanda ya yi harbi yanzun nan, da wanda wuta ta kama. Hoton da ya lalata waɗannan biyun ya zama tarin katako a kan ruwa kawai.

Shiga ba wuya. Shafin yana da harsuna biyu, Holanci da Ingilishi. Kallo da zuƙo hoto ba sa buƙatar rajista, amma wajen saukewa ana iya neman a buɗe asusu na kyauta da adireshin imel. Wurin nema, kalmar Holanci "zeeslag" (yaƙin teku) ko "slag bij" (yaƙin wuri kaza) ta fi kawo sakamako mai yawa, domin dubban zane-zanen takarda da sunansu na Holanci aka shigar da su. A kula da lambar da ke jikin kowane aiki. Wadda ta fara da SK, zanen fenti ne. RP-T zanen hannu ne a takarda, RP-P kuwa bugun faranti ne, baƙi da fari galibi. Mai neman launin tuta ya tsaya kan SK, in ba haka ba zai ƙona datarsa wajen buɗe hotunan da ba launi.

Wanda ya fi dacewa a fara gwada rumbun da shi shi ne zanen Willem van de Velde ƙarami na wajen 1680, wanda aka sani da Harbin Igwa, lambarsa SK-C-244, tsayi santimita 78.5, faɗi 67. Ba ma yaƙi ake ba a cikinsa. Jirgin yaƙi ne guda a ruwa kwance lumui, filafilansa sun saki saboda babu iska, ga ƙananan kwale-kwale a gefe, ya saki igwa ɗaya ta gaisuwa ko ta sanarwa. Amma duk darasin hayaƙi yana nan. Albarushin wancan zamani haɗi ne na gishirin salfita kashi 75, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10, kuma idan ya ƙone, fiye da rabin abin da ke fita daga cikinsa gari ne mai laushi, ba iska ba. Shi ya sa hayaƙinsa fari ne mai kauri, mai nauyi, yana fita daga bakin igwa a dunƙule sannan ya kwanta a kan ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan salla ya san irin wannan hayaƙi da yadda yake tsayawa cak in iska ta ɗauke. Van de Velde ya san shi sarai. In ka zuƙo hoton a rumbun har ƙarshe, za ka ga dunƙulen bai zama fari guda ba. Gefen da haske ya bugi ya yi fari mai ɗumi, cikinsa toka-toka, ƙasansa ya ɗauki duhun ruwa, bakinsa kuma ya narke cikin sararin sama ba tare da layi ba. Rumbun ya riƙe wannan narkewar da kyau a allon kwamfuta. A waya mai ƙaramin allo, musamman in an ƙure haske, rabin matakan tokar sukan ɓace, hayaƙin ya koma farin tabo. Laifin wayar ne, amma ya kamata mai kallo ya sani kafin ya yanke wa zanen hukunci.

Igwa ɗaya ke nan. Don a gane abin da masu zane ke fama da shi a ainihin yaƙi, a yi lissafi da jirgin Victory na Ingila. Benensa na ƙasa kaɗai yana da igwa 30 masu jefa ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan kilo 14 da rabi, 15 a kowane gefe, kuma cikakken ɗuri yakan ci albarushi kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin ƙwallon. Gefe ɗaya na bene ɗaya ke nan ya ƙona kusan kilo 70 a saki guda. In jirage hamsin ko ɗari suka yi awa guda suna wannan, ba mai ganin hancin jirginsa, balle na maƙwabci. Saboda haka duk zanen yaƙin teku da ka ga jirage tas-tas a cikinsa, mai zanen ne ya yaye hayaƙin da gangan. Inda ya yaye, can yake so ka duba. Inda ya bari, ko dai yana ɓoye abin da ba shi da muhimmanci, ko yana raba jirgin gaba da na baya don ido ya gane nisa. Sau da yawa kuma yakan tara farin hayaƙi a bayan tutar mutanensa domin launinta ya tashi, ya bar ta abokan gaba ta nutse cikin toka. Wannan son kai ne da fenti, kuma da zuƙowar rumbun ana kama shi cikin sauƙi.

Launin hayaƙi ma magana ne. Fari na albarushi ne, wato jirgi na faɗa. Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu na kwalta ne da igiya da filafilai da katako, wato jirgi na ci da wuta. Zanen Cornelis Claesz van Wieringen na wajen 1621 ya kai abin maƙura: fashewar jirgin Sifaniya a yaƙin Gibraltar na 25 ga Afrilun 1607, yaƙin da jagoran rundunar Holan Jacob van Heemskerck ya rasa ransa a cikinsa, haka ma jagoran ta Sifaniya. Wuta ta kai ma'ajiyar albarushi, jirgi ya tashi, ga mutane da ganguna da guntayen katako a sama cikin ja da rawaya da baƙi. A nan ne zuƙowar ta fi burgewa, domin mai zanen ya bi kowane ɗan ƙaramin abu ya zana, har da gaɓoɓin da suka rabu da jiki. Mai niyyar bugawa ya rataye a falo inda yara ke zama, ya zuƙo ya duba tukuna.

Tuta kuwa rumbun ya yi mata adalci ƙwarai, saboda abu ne mai layi da iyaka, kuma kyamara ba ta wahala da irinsa. Abin da rumbun bai yi ba shi ne koya wa mai kallo karanta ta. Bayanin da ke ƙarƙashin zane gajere ne, layi kaɗan, wasu ayyukan ma suna da shekara kawai suke da su. Wannan ne babban gibin hidimar a ganinmu, don haka ga abin da ya kamata a shiga da shi.

Wurin da tuta take ya fi launinta faɗin magana. Babbar da ke bayan jirgi ta ƙasa ce. Ƙaramar da ke can gaba a kan sandar hanci ita ma ta ƙasa ce. Siririya doguwa mai kama da wutsiya a ƙololuwa tana nuna jirgin yaƙi ne da ke bakin aiki. Sai tutar muƙami, mai kusurwa huɗu a saman jigo, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai. Manyan jiragen suna da jigo uku. In tana kan na tsakiya, babban kwamanda na ciki. In tana kan na gaba, mataimakinsa ne. In tana kan na baya, na ukunsu ne. Da wannan kaɗai mutum zai iya tsinto jirgin shugaba a cikin jirage sittin. Jar tuta zalla a bayan jirgin Holan, wani lokaci da hoton hannu riƙe da takobi, ita ce tutar jini, umarnin a afka. Tutar da aka sauke miƙa wuya ce. In ka ga tuta biyu a igiya ɗaya, ta sama ta wanda ya kama jirgin ce, ta ƙasa ta wanda aka kama. Shi ya sa masu zane ke son tutar abokan gaba tana jan ruwa ko ta yage, kuma shi ya sa a yaƙin Camperdown na 1797, da harbi ya karya saman jigon jirgin Admiral Duncan na Birtaniya tutarsa ta faɗo, wani matuƙi mai suna Jack Crawford ya hau ya kafe ta da ƙusa, kada sauran jirage su zaci an sallama.

Launi kuma yana ba da shekara. Tutar Holan ta fara ne da ruwan lemo, fari da shuɗi, sannan tsakanin wajen 1630 da 1660 ja ya maye gurbin ruwan lemon. Sifaniya ta wancan lokaci farar tuta take ɗagawa mai jan gicciye a karkace, mai ƙaya-ƙaya. Ja da rawaya da aka san ta da su yau sai a 1785 Sarki Carlos na Uku ya zaɓe su, kuma dalilinsa na teku ne, domin ƙasashe da dama na gidan sarautar Bourbon farar tuta suke da ita, daga nesa ba a bambance su. Faransa ma fara ce tata kafin juyin juya hali, mai launi ukun nan ta zama tutar jiragenta a 1794. Tutar haɗakar Birtaniya ta samu jan layinta na karkace ne a 1801. Duk yaƙin da aka gwabza kafin wannan shekara da ka ga jan layin a cikin zanensa, daga baya aka zana shi, kuma mai zanen bai yi bincike ba. A yi hattara da abu ɗaya wajen hukunta launi: fenti na tsufa. Akwai shuɗin garin gilashi da masu zanen Holan suka yi amfani da shi da yawa wanda yakan koma toka, wasu jajayen sukan kwashe, man da ake shafawa a saman zane kuma yakan yi rawaya. Shuɗin tuta da ya yi fari-fari a hoto ba lallai kuskuren kyamara ba ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da zuƙowa ke ba da dama. A dubi inda wutsiyoyin tutoci suka nufa, a dubi inda hayaƙi ya karkata, a dubi yadda filafilai suka cika. Dole su yi kusan magana ɗaya. Daga nan za a gane rundunar da iska ke bayanta, wadda ita ke zaɓar lokacin afkawa, kuma hayaƙinta kan fuskar abokan gaba yake tafiya. Masu zanen da suka san teku ba sa kuskure a nan. Masu kwaikwayo daga ɗaki sukan kaɗa tuta gabas hayaƙi na tafiya yamma.

Wanda ya fi kowa sanin teku a cikinsu shi ne Willem van de Velde babba, mahaifin mai zanen Harbin Igwa. Shi bin rundunar yake yi a ƙaramin jirgi yana zane ana harbi. Zanensa na yaƙin Terheide, wanda aka gwabza da Ingila ranar 10 ga Agustan 1653, ya gama shi a 1657, kuma ya sa kansa a ciki, zaune a ɗan jirginsa yana aiki. Girmansa santimita 170 ne da 289, kuma ba da burushi aka yi shi ba. Da alƙalami da tawada ya zana shi a kan kyalle da aka shafe da farin fenti, layi bayan layi. Tun da babu launi, dole ya bambance tutoci da zanen da ke jikinsu, hayaƙi kuma ya gina shi da ƙananan layuka masu lanƙwasa da ɗigo-ɗigo, ya bar farin kyallen ya yi sauran aikin. A wannan yaƙi ne harsashi ya kashe Maarten Tromp, babban kwamandan Holan, aka bar tutarsa tana kaɗawa a kan jirginsa Brederode don kada rundunar ta karaya. Ka ga ke nan tuta ma tana iya yin ƙarya, kuma wanda ya san labarin da wani ido zai dube ta. A irin wannan zane rumbun ya fi zuwa gidan tarihin kansa amfani ta wata fuska, domin a can ba za a bar ka ka kai hanci jikin kyalle ba, a nan kuwa kana iya bin igiya ɗaya daga jigo har ƙasa.

Rumbun na Holan ne, kuma labarin Holan yake bayarwa. Yawancin zane-zanen hukumomin sojan ruwa ne da attajirai da dangin kwamandoji suka biya aka yi, don haka nasara ta fi yawa a ciki. Bayanan ba su cika tuna wa mai kallo cewa tutar nan mai launi uku ita ce ta karɓe Elmina daga hannun Fotugal a 1637 ba, ta kuma kaɗa a kan jiragen da suka kwashi bayi daga gaɓar da take Ghana a yau. Gidan tarihin ya yi baje koli na musamman kan bauta a 2021, abin a yaba, amma mai duba zanen jirgi shi kaɗai a shafi zai iya wucewa bai ji ko ɗuriyar wannan ba.

Haka nan mai neman ɓangaren Ingila sai ya leƙa gidajen tarihin Greenwich da ke Landan, inda Van de Velde uba da ɗa suka koma a hunturun 1672 zuwa 1673, Sarki Charles na Biyu ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara. A can ne zanen yaƙin Trafalgar na Turner, mai zane ɗan Ingila, yake, wanda ya gama a 1824, faɗinsa ya haura mita uku da rabi. Ya cancanci ambato don shi ne ya fi kowanne nuna tuta a matsayin alama. Turner ya rataye haruffa ukun ƙarshe na saƙon tutoci da Nelson, kwamandan rundunar Birtaniya, ya aika wa jiragensa a jigon jirginsa Victory ana tsakiyar wuta, alhali kafin azahar aka ɗaga saƙon, tun ba a fara ba. Ya sa jigon gaba yana faɗuwa da farar tutar muƙamin Nelson don nuna mutuwarsa. Ya haɗa jirgin Faransa Achille da ya ƙone da yamma da Redoutable da bai nutse ba sai washegari, duk a lokaci guda. Hafsoshin ruwa sun yi ta sukar zanen, har a 1829 aka ɗauke shi daga fadar St James aka kai Greenwich. Su lissafin awa suke nema, shi kuwa ma'anar ranar yake zanawa. Bambancin hidimar shi ne a Greenwich manyan hotuna na bugawa sayarwa ake yi, a Rijksmuseum kuwa kyauta ne.

Saura bugawa, inda yawanci aikin ke lalacewa. Abin da ake saukewa fayil ɗin JPEG ne, kuma girmansa ya bambanta daga zane zuwa zane, don haka a duba yawan ɗigonsa kafin a je shago. Lissafin shi ne a raba yawan ɗigon faɗi da 118, abin da ya fito shi ne santimitar da zai bugu tas a duba shi a hannu. In daga nesa za a kalla, kamar bango, a raba da 59. Takardar A3 cike tana son ɗigo 3508 da 4961, A2 kuma 4961 da 7016. Mai aikin littafi ko babban bugu yana iya cike fom a shafin ya nemi fayil ɗin TIFF, wanda ba a matse ba. Kada a ɗauki hoton allo a ce an sauke. Kada kuma a tura wa mai bugu ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana rage shi ta matse, kuma matsin JPEG a murabba'i masu ɗigo takwas-takwas yake aiki. A jikin jirgi ba a lura, amma a cikin hayaƙi sai ka ga ƙananan akwatuna sun fito. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai a filashi.

A hana mai bugu taɓa maɓallin gyaran haske na kai-tsaye. Yana ƙara fari ya ƙara baƙi, tuta ta yi kyau, hayaƙi ya ƙone ya zama farar takarda. A kuma hana shi ja don cike takarda. Harbin Igwa in faɗinsa ya zama santimita 27 a kan A3, tsayinsa 31.6 ne, sauran a bar shi fari. Terheide a kan A2 da faɗin santimita 55 ya ragu fiye da sau biyar ke nan, layukan alƙalami za su haɗe su zama toka. Gara a yanki sashe ɗaya, jirage uku ko huɗu da hayaƙinsu, a buga shi babba.

Injin fileks na allon talla bai dace da wannan aiki ba. Ɗigonsa manya ne, kuma tokarsa haɗin launuka ce, shi ya sa hayaƙi kan fito da kore-kore ko ja-ja. A nemi injin hoto mai tawadar toka ta daban, da takarda marar sheƙi mai nauyin giram 200 zuwa 300. In an ga siraran layuka a kwance cikin sararin sama ko hayaƙi, bakin injin ne ya toshe, a wanke shi a sake. Juya launi zuwa na injin bugu yakan kashe ruwan lemo ya koma ruwan ƙasa, shuɗi kuma ya karkata zuwa shunayya, wanda zai iya mayar da tutar Holan ta farko wani abu daban. Maganin duk wannan shi ne gwaji: a yanki tsiri mai faɗin santimita 10 wanda ya ratsa tuta ɗaya da dunƙulen hayaƙi ɗaya, a buga shi a ainihin girman da ake so, a fita da shi hasken rana a gwada da allo kafin a biya kuɗin babba.

Wajen sa firam, a sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi don kada laimar damina ta manne su, a liƙe bayan da tef ta ko'ina saboda ƙurar hunturu. A rataye shi a bangon da rana ba ta bugu. Tawada mai arha ja da rawaya ne ke fara kwashewa a cikinta, hoton ya koma shuɗi-shuɗi, don haka in za a daɗe da shi a tambayi mai shago tawadar da ake kira figmen, ko da ta fi tsada.